Ranar da Mata Suka Nuna Mini Hanyar Iska

Ina aji uku a jami'a, ina karatun labarin ƙasa, shekarar da iska ta yi ɓarna a ƙauyukan bayan Zango. Hutu ya same ni a gida Daura. Farkon damina ne, an yi ruwan shuka, gero ya fara leƙowa. Mu a cikin gari iskar ba ta yi mana komai ba, ban da ƙura da ta cika randuna da reshen darbejiya da ya faɗo a ƙofar maƙwabta. Sai washegari muka fara jin labarin rufin da ya tashi da rumbunan da suka kife a karkara.

Akwai wani malaminmu a jami'a, shi ma mutumin Daura ne, wanda yake koya mana darasin yanayi. An roƙe shi ya shiga cikin masu zagayen duba ɓarna, shi kuma ya ga ba mace ko ɗaya a tafiyar. Bai kira ni ba, babana ya kira, ya nemi izni. Ina tsakar gida ina jin babana yana amsa waya a zaure.

"Malam, in aikin shiru ne, ka samu ma'aikaciya. In kuwa na magana ne, sai dai mu haɗa da addu'a."

Gaskiya babana ya faɗa. Tun ina ƙarama in baƙi sun zo, bayan ƙofa ake samuna da littafi. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ko da na san amsa.

Mu huɗu ne a motar: Malam, da wani jami'i daga ƙaramar hukuma wanda shi ne zai kai rahoto, da direba, da ni a baya na ƙanƙame jakata. Da muka wuce Zango muka sauka daga kwalta, motar ta shiga yashi. Ba mu yi nisa ba Malam ya ce a tsaya. Wasu itatuwan gawo ne kwance a gona, saiwoyinsu a sama. Ya ce in duba inda kawunansu suka fuskanta. Na duba, duk yamma.

Ya tuna mini abin da ya koya mana a aji. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar da take gabansa kuma turi take yi, kamar mai shara, duk abin da ta kayar gefe ɗaya yake kwanciya. Amma akwai wata iskar da ba kasafai ake samunta a ƙasarmu ba, mai juyawa. Ita hanyarta siririya ce, tana murɗe abu ta watsa shi ko'ina, wani ma ta mayar da shi baya. Tana iya ɗauke gida ta bar na kusa da shi. Ya ce mai duba ɓarna ba ya ganin iska, abin da ta kayar yake gani, don haka inda abu ya faɗi ya fi komai muhimmanci.

Da wannan a raina muka shiga ƙauyen da aka ce ya fi shan wahala. Sai muka tarar da shi tsaf. An share hanyoyi. An tayar da dangogi. An mayar wa rumbuna jinkarsu. Itatuwan da suka faɗi an sassare su, an jera itacen a bakin gidaje. Kwanon rufin da iska ta watsa an tsinto shi, an bubbuge shi ya miƙe, an jera a ƙofar gidan mai gari. Tun washegarin iskar suka yi gayya, babba da yaro.

Mai gari, dattijo mai fara'a, ya tarbe mu yana murna da aikin mutanensa.

"Ai da muka ji za ku zo, na ce a ƙara hannu. Ba ma bari baƙi su same mu cikin tarkace."

Malam ya yi godiya, ya yaba, ya yi jajen abin da ya faru. Da muka juya sai ya ce mini a hankali, "Sun share duk abin da muka zo dubawa."

Abu ɗaya ne gayyar ba ta iya gyarawa ba. A tsakiyar wani fili akwai makarantar Islamiyya da mutanen garin suka gina da hannunsu, aka yi mata rufi bara. Yanzu bango huɗu ne kawai a tsaye, allon bango yana kallon sama. Allah ya taimaka an sallami yara da aka ga hadari, ba wanda ya ji ciwo. Amma gidajen da ke kudu da arewa da filin, masu tsohon kwano mai tsatsa da aka danne da duwatsu da tayoyi, rufinsu yana nan.

Maza suka taru a inuwar gidan mai gari, aka shimfiɗa tabarmi. Ni na raɓe a gefen mota. Daga nan na lura da wani mutum, ba tsoho ba, ba yaro ba, tsugune shi kaɗai a rana-rana, nesa da tabarma. Ba wanda ya matsa masa. Direba ya raɗa mini cewa shi ne kafintan garin, shi ya yi rufin makarantar.

Wani mutum mai babbar murya, wanda na ji an ce shi ya jagoranci ginin, ya ce wa jami'in, "Yallaɓai, ba sai an yi dogon bincike ba. Rufin da kakana ya yi yana nan, rufin bara ya tashi. Iska ɗaya ce ta bi ta kansu. To, ina ƙusoshin da muka saya?"

Wasu suka ce, "Ƙwarai kuwa."

Kafintan bai ɗago kai ba. Ya ce, "Allah ya sani ban rage ƙusa ko ɗaya ba."

Jami'in ba mugu ba ne, ƙauyuka da yawa suna jiransa. Ya ce shi abin da zai kai shi ne rufin ya tashi saboda rashin ingancin aiki, kuma in taimako ya zo, a nemo kafinta daga Zango. Na ga kafaɗun kafintan garin sun ƙara sauka. Daga baya na ji cewa tuni wani da ya ba shi rufin ɗakin ɗansa ya karɓe aikin. A irin wannan wuri, in aka ce kafinta ya ci ƙusar makarantar Alƙur'ani, ba ƙauyen da zai sake kiransa.

Malam ya roƙi jami'in ya ɗan dakata. Ya zo wurina ya ce su maza ba su da ikon shiga gidaje, ni ce zan shiga. In duba bangon ciki da rumbuna, in tambayi mata ta ina iskar ta shigo musu. Na ce to.

Gidan farko da aka nuna mini na yayar mai gari ne, tsohuwa da kowa yake kira Inna, a kudu da filin makarantar. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama.

"Wa ke sallama kamar sauro? Shigo mu gan ki."

Tana zaune tana ɓarar gyaɗar iri, surukanta biyu suna daka. Na durƙusa na gaishe ta, na yi jaje. Ta ƙare mini kallo, ta sa aka kawo mini ruwa. Sai na tattaro ƙarfin halina na yi tambayar yadda na shirya ta a hanya.

"Inna, daga wace kusurwa iskar ta taso muku?"

Masu daka suka tsayar da taɓare suka fashe da dariya.

"Kusurwa! 'Yar nan, muna ɗaki mun danne ƙofa muna salati, wa ya tsaya duban kusurwa? Ke in ke ce, leƙawa za ki yi?"

Na sunkuyar da kai. Na duba bango, na duba rumbu, duk an yaɓe an gyara. Har na fara neman yadda zan yi sallama in fita, sai wata matashiya ta shigo da goyo, riƙe da faifai.

"Inna, ga faifanki. Sai yau yara suka gano shi a kan rumbunmu."

Inna ta karɓa ta juya shi, ta duba jan zaren da aka yi wa bakinsa. "Shi ne. Ɗan banza, ka gama yawon?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wa matar, "Don Allah ina ne gidanku?"

Ta nuna da hannu. Gabas.

Na sake tambaya, don ina tsammanin ban gane ba. Ta sake nunawa, har ta ƙara da cewa ta gidansu rana take fito wa Inna. Hadari daga gabas ya taso. Itatuwan da na gani a hanya duk yamma suka kwanta. Amma faifan Inna gabas ya tafi.

Na ce ko akwai wasu kayan da aka tsinta haka. Sai surukan suka hau ba ni labari suna katse juna. Ashe tun ranar iskar abin da matan garin suke ciki ke nan. Duk abin da ya faɗo gidanki, ke za ki mayar wa mai shi, kuma ba sai an yi shela ba, domin kowace mace ta san kayan maƙwabciyarta. An san buta mai ƙonannen hannu ta wance ce, an san tabarma mai facin buhu, an san murfin tukunyar da ya lotse, an san zanen kowa da ke kan shanya. Maza sun share gari, amma kowace mace tana riƙe da inda ta tsinci abu da gidan da ta kai shi.

Na yi wa Inna bayani da ƙyar, ina inda-inda. Na ce in na san inda kayan kowa suka tashi da inda suka sauka, wataƙila in gane hanyar da iskar ta bi, wataƙila kuma hakan ya shafi maganar rufin makaranta. Ta ajiye gyaɗarta. Ta ce wa surukanta su bi gida-gida su ce tana kira.

Kafin a jima tsakar gidan ya cika. Na ɗauki kara na zana filin makarantar a ƙasa, na fara zana gidaje kewaye da shi. Ban yi nisa ba aka ƙwace karan.

"Ke, nan kika sa gidanmu? Ai kin kai mu maƙabarta da ranmu!"

Su suka zana garinsu, da rijiya, da turken shanu, da hanyar kasuwa. Aka kawo ƙwallon goruba. Duk wadda ta tsinci abu sai ta ɗora ƙwallo a gidan mai shi, ta ja shi a ƙasa har inda ta same shi. Ba a yi abin cikin lumana ba.

"A bakin rijiya na tsinci kwandonki."

"Ƙarya kike, Yaya, a kan dangarmu ya rataye, kika zo kika cire ko sallama babu."

"To da na bar miki shi ki yi gado?"

Ni dai ina tsugune, duk wadda ta ja layi sai in sake tambayarta, in tambayi mai kayan ko ta yarda. Inda suka saɓa, na share. Inna ta ce, "Wannan yarinya shiru-shiru, ashe alƙaliya ce."

A hankali zanen ya fito. Gidajen da ke nesa, kayansu duk yamma suka yi, kuma ba su yi nisa ba. Amma gidajen da ke bakin filin dabam ne. Na arewa kayansu sun yi yamma da nisa, wasu har bayan gari. Na kudu kuwa, irin su gidan Inna, kayansu gabas suka koma. Layukan sun yi kamar suna zagaya wani abu da ya ratsa ta tsakiya, ya shigo ta wajen rijiya, ya bi ta kan makaranta, ya fita ta turken shanu inda ba gini. Gefensa kawai ya taɓa gidaje, ya kwashi faifai da zane. Tsakiyarsa makaranta ta samu.

Duk wannan lokaci akwai wata mace a tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi, ba ta shigo ba, ba kuma wadda ta yi mata magana. Inna ta ɗaga kai.

"Ke matar kafinta, shigo mana. Ke kika buga ƙusar?"

Ta shigo ta tsuguna a gefena. Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta ce, da muryar da ta fi tawa ƙanƙanta, akwai abin da ba a tsinto ba. Falle ɗaya na kwanon makarantar yana kan goruba a bayan gidansu. Mijinta ya gan shi tun ranar, ya ce kada ta faɗa wa kowa, don a halin da ake ciki cewa za a yi shi ya ɓoye. Ta ɗauki ƙwallo ta ɗora a kan makaranta, ta ja shi kudu maso gabas, har ya wuce zanen garin.

Na san abin da ta yi ba ƙarami ba ne. Ta karya maganar mijinta a gaban matan gari, kuma in abin bai yi kyau ba, ta ƙara masa wani zargin.

Na ɗauki hoton zanen da waya na fita na nuna wa Malam. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu. Na ɗauka zai karɓa ya je ya yi bayani. Sai ya miƙo mini wayar.

"Ke kika gani, ke za ki faɗa."

Da Inna ba ta biyo ni ba, ban san yadda zan yi ba. Ta fito da sandarta da faifanta, ita shekarunta sun wuce a hana ta zuwa gaban maza. Ta tsaya a bayana. Na durƙusa a gaban tabarma na fara.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji mai gari, "kunnen ya tsufa."

Inna ta zungure ni da sanda. Na ɗaga. Na faɗi maganar faifai, da kwando, da tabarma mai faci. Na nuna hoton, aka riƙa miƙa wayar hannu zuwa hannu. Mai babbar muryar nan ya ce yanzu da faifan mata za a yi shari'ar rufi? Inna ta ce masa, "Hular da ke kanka ma a gidan wa aka tsinto ta?" Aka yi dariya, har shi. Sannan na faɗi maganar gorubar. Kafintan ya ɗago kai a karon farko, ya dube ni, ya sake sunkuyawa.

Duka muka ɗunguma zuwa bayan gidansa. Kwanon yana can sama, ya naɗe jikin gorubar kamar an ɗaura mata zane, wurin da ba mai iya kai shi da hannu. Aka kawo tsani da igiya aka sauko da shi da ƙyar. Akwai guntun katako manne da shi. Malam ya sa kowa ya matso. Katakon lafiyayye ne, karyewa ya yi, ba ruɓewa ba. Ƙusoshin suna nan a jere kusa da kusa, ba wadda ta zare. Inda kwanon ya rabu da katako, yagewa ya yi ya bar kan ƙusar a wurinta.

Malam ya ce alamun da aka gani na iska mai juyawa ne, kuma rufin kowa ne a wannan fili, da ya tashi. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce rufin ya tashi ne gaba ɗaya da katakonsa, domin ɗora shi aka yi a kan bango aka danne da bulo, ba a ɗaure shi da ƙarfe ya shiga cikin ginin ba. Ya ce haka rufin kowa yake a garin, har na mai gari.

Kafintan ya ce, "Haka na koya, Malam, haka na yi. In an nuna mini ɗaurin, zan yi."

Mai babbar murya ya juya guntun katakon a hannunsa, ya gwada girgiza ƙusa ɗaya da yatsa, ta ƙi motsi. Ya ce, "To, ni dai abin da idona ya gani na faɗa." Iyakar abin da ya iya ke nan, aka kuma karɓa.

Da muka koma inuwa, jami'in ya ce zai kai yadda Malam ya faɗa. Kafintan ya nufi inda yake tsugune ɗazu. Mai gari ya tattare rigarsa ya matsa gefe, ya bugi tabarma da tafin hannu.

"Matso nan. Rana ta yi zafi."

Ba duka abin ya ƙare da daɗi ba. A garin akwai wanda ruwa ya jiƙa masa irin dawa ya ruɓe, akwai tsohon da bango ya danne wa akuyoyi, kuma taimakon da aka yi alkawari sai da damina ta yi nisa ya iso. Sauran ƙauyukan da muka zaga, har wajen Dutsi, iskar turi ce kawai, komai ya kwanta yamma. Amma a kowanne na shiga gidaje na tambayi mata abin da suka tsinta, kuma ban sake yin sallama kamar sauro ba.

Da Malam ya sauke ni a gida, babana ya fito ya ce, "Ta yi magana kuwa?"

"Ta yi, Alhaji. Har gaban mai gari."

Babana ya dube ni kamar an canza masa 'ya a hanya.

Na sha tuna matan nan. Ni karatun nake da shi, amma da Inna ta bar ni na fita lokacin da suka yi mini dariya, da ba abin da zan kai wa Malam. Da matar kafinta ta yi shiru, da zanen ƙasa kawai zan nuna, wanda ƙafar akuya ma za ta iya sharewa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ban tambaya ba, kunya ta hana ni. Ina yi musu addu'a a haka, Allah ya san su.

Bayan kaka, ina shirin komawa makaranta, wani mai babur ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce saƙo ne daga bayan Zango, a ba yarinyar da ta zo duba iska. Ya ce a gaya mini an yi wa makarantar sabon rufi, kafintan garin ne ya yi shi, da ɗaurin ƙarfe a kowace kusurwa, kuma yanzu har ƙauyukan kusa ana kiransa ya ɗaure musu. Sannan ya kwance wata 'yar kujera ta katako daga bayan babur, irin wadda mata suke zama a kai a madafa, ya ce kafintan ne ya yi mini ita.

Babana ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ga ƙusoshin da aka jera mata ta ƙasa, sun fi ƙarfin kujera.

"Wannan kam," ya ce, "ko guguwar ta dawo, sai dai ta ɗauke ki ta bar ta."

A kanta nake zama in yi karatu har yau.